Wai ina Matiyu 17:21 ta shige?

Bitrus: Salama jama'ar gidan nan. Dan Allah masu sani ku fitar da ni daga duhu. Jiya a taron matasa ni aka ba karatu, Matiyu sura 17, na buɗe fassarar Baibul ta Turanci ta NIV a waya ina ta karantowa sai wata yarinya mai tsohuwar fassarar King James ta ce Yaya Bitrus ka tsallake aya, na ce ban tsallake komai ba, muka haɗa waya da littafi ashe nawa daga 20 sai 22, babu 21 kwata-kwata, wadda ke cewa irin wannan aljanin ba ya fita sai da addu'a da azumi. Na zata manhajar ce ta samu matsala har na goge na sake saukewa, datata ta tafi a banza ayar ba ta dawo ba. Da na koma gida na duba sai na ga Matiyu 18:11 ma babu, Yahaya 5:4 babu, Ayyukan Manzanni 8:37 babu. Wa ya cire su? Ranar Laraba yaran nan za su tsare ni da tambaya me zan ce musu

Maman Rahila: Ai na sha faɗa muku ku rabu da Baibul ɗin waya. Turawan yanzu ba sa son azumi shi ya sa suka zare ta. Ni King James ɗina da na Hausa na babana sun ishe ni har in koma ga Ubangiji

Sadiq: Bitrus abokina sannu da farkawa 😂 tun muna sakandare muke kallon kaset ɗin Ahmed Deedat yana ɗaga wata fassarar Baibul ta Turanci, RSV, yana karanto gabatarwar inda malamanku da kansu suka rubuta cewa King James na da manyan kurakurai. Gani ya kori ji

Ɗanladi Admin: Jama'a kun san dokar gidan nan, akwai Musulmi akwai Kirista, hujja muke so ba gori ba. Wanda ya zagi littafin wani zan fitar da shi ko ƙanina ne. Malam Ishaku na ga kana kan layi, bismillah

Malam Ishaku: Bitrus ɗana kwantar da hankalinka, ba wanda ya shiga wayarka cikin dare ya sace aya. Lambobin ayoyin nan ba manzanni ne suka sa su ba, wani Bafaranshe ne mai maɗaba'a da ake kira Istifanus ya yanka Sabon Alkawari aya-aya a 1551, kuma a kan rubutun Helenancin da ke hannunsu lokacin ya yi yankan. Wannan rubutun kuwa tushensa aikin Irasmus ne, wani malami ɗan ƙasar Holan da ya buga Sabon Alkawari na Helenanci a birnin Basel a 1516. Littattafan hannu da ya samu ya yi aiki da su ba su kai goma ba, yawancinsu na wajen ƙarni na 12, wato an fi shekara dubu ana kwafa daga hannu zuwa hannu kafin a iso kansu. King James na 1611 jikan wannan bugun ne. Daga baya aka fito da kundaye da suka girme na Irasmus da kusan shekara 800, aka buɗe Matiyu 17 babu ayar a ciki. Masu NIV sun bi tsofaffin amma ba su taɓa lambobi ba don kar a rikita jama'a, shi ne ramin da ka gani. Danna ƴar alamar da ke wurin za ka ga bayani a ƙasa

Bitrus: Na danna Baba, na gani. To in ba Matiyu ne ya rubuta ba daga ina ta fito

Malam Ishaku: Daga maƙwabci. Labarin yaron nan mai aljani yana Markus 9 ma, kuma a aya 29 maganar take. Mai kwafi ya haddace Markus, yana rubuta Matiyu sai ya ga kamar an bar wani abu, ya cike. Matiyu 18:11 ma haka, tana nan daram a Luka 19:10

Maman Rahila: To Malam na kama ku. Yanzun nan na karɓi wayar Rahila na buɗe Markus 9:29 ɗin, addu'a kawai suka rubuta, azumin babu. Ban ce ba?

Malam Ishaku: Kai Mama kin iya bincike 😄 nan kam kin taɓo inda malaman kansu ba su gama daidaitawa ba. Manyan kundaye biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan, addu'a kawai suka ce, amma kusan duk sauran suna da azumi. Masu barinta waje hujjarsu ita ce ikkilisiyar dā tana son azumi ƙwarai, ya fi sauƙi mai kwafi ya ƙara kalmar da a ce ya jefar da ita. Ni da ni ne da na bar ta a ciki, ra'ayina kenan. Amma in da ƙiyayyar azumi ce da sun fara da Matiyu 6:16 da Ayyukan Manzanni 13, duk suna nan a wayar Rahila

Talatu: Baba ka ba su labarin kundin Sina'in nan mana, ni shi ya fi burge ni lokacin da muka yi shi a aji

Malam Ishaku: Wani Bajamushe ne Tishindof ya je gidan sufayen Santa Katarina a gindin dutsen Sina'i a 1844, ya dawo da ganye 43 na fata ya kai Laifzig. Shi dai ya ce a kwandon takardun da za a ƙona ya tsince su, sufayen kuma har gobe ba su yarda da wannan labarin ba, ni ma ina ganin ya ƙara gishiri, wa ke hura wuta da fata. A 1859 ya koma ya samu sauran, aka kai wa sarkin Rasha, a 1933 gwamnatin Sobiyet ta sayar wa Ingila a kan fam 100,000. Yanzu a wuri huɗu yake, Landan, Laifzig, San Fitasbag, da shi gidan sufayen inda aka sake gano wasu ganyayyaki a 1975. Shi ne cikakken Sabon Alkawari mafi tsufa da muke da shi. Tun 2009 an sa hotunansa a intanet kyauta kowa na iya gani

Sadiq: To wasa a gefe Malam, da girmamawa. Ka ce ƙarni na 4. Annabi Isa alaihissalam a ƙarni na 1 ya yi zamani. Shekara 300 kenan a tsakani. Ina rubutun da shi Markus ɗin ya yi da hannunsa? Babu. Ina kwafin farko? Babu. Kuma ba ni na faɗa ba, Bart Ehrman wanda a makarantun Baibul ya yi karatu shi ya ce bambance-bambancen da ke tsakanin littattafan hannun nan sun kai 400,000, alhali kalmomin Sabon Alkawarin gaba ɗaya ba su kai 140,000 ba. Saɓani ya fi kalmomi yawa, ta yaya hankali zai kwanta

Malam Ishaku: Abu biyu na farko gaskiyarka ne, babu na asali ko ɗaya, duk faston da ya ce maka akwai bai sani ba ne. Lissafin ma ban musa ba, wasu sun ce ya kai 500,000. Talatu ke da kika yi shi kwanan nan amsa masa, yatsuna sun gaji

Talatu: Yaya Sadiq lissafin gaskiya ne amma ka tambayi yadda ake yin sa. Akwai littattafan hannu na Helenanci wajen 5,800, wata cibiya a Munsta ta ƙasar Jamus ce ke riƙe da rajistarsu. Ko mutum ɗaya ne cikin dubban nan ya yi kuskuren harafi a wuri ɗaya an ƙirga shi bambanci ɗaya. Yawan littattafan shi ya kawo yawan lissafin, tun 1707 wani John Mill da ya gwada guda ɗari kacal ya fito da 30,000 hankalin mutane ya tashi kamar yadda naka ya tashi yanzu. Da kwafi ɗaya tal ya rage a duniya da babu saɓani ko ɗaya, kuma da ba mu da hanyar sanin inda ya yi kuskure. Mafi yawansu rubutun suna ne, ko Yesu Almasihu a nan Almasihu Yesu a can, abin da ko fassarawa ba ya yiwuwa. Masu taɓa ma'ana suna nan ban ɓoye ba, misali lambar dabbar nan ta Wahayi 13:18, akwai wata tsohuwar takarda da aka tono a jujin Oksirinkus a Masar da ta ce 616 maimakon 666, kuma Ireniyus, ɗaya daga iyayen ikkilisiya na dā, tun wajen shekara ta 180 ya san da wannan karatun ya ce kuskure ne

Bitrus: 616?? Duk wa'azin 666 da aka tsorata mu da shi muna yara 😭

Talatu: Batun shekara 300 kuma ba fili ne fetal ba. Akwai guntun Yahaya 18 a Manchesta, kamar girman katin ATM, yawanci ana sa shi a ƙarni na 2. Akwai tsohuwar takardar da malamai suka sa wa lamba P46 mai wasiƙun Bulus na wajen shekara ta 200. Wanda ya fi min shi ne P75 mai Luka da Yahaya, ya girme kundin Batikan da shekara ɗari ko fiye amma in ka jera su kamar an tsaga kara, wato akwai layin masu kwafi masu taka-tsantsan tun kafin ƙarni na 4

Sadiq: Guntu kamar katin ATM ba littafi ba ne ƙanwata. Markus fa? Wanda ake cewa shi aka fara rubutawa

Talatu: Markus kam shi ne mai ƙarancin tsofaffin shaidu, wasu surori a P45 na ƙarni na 3, cikakkensa sai ƙarni na 4. An taɓa yayata cewa an samu guntunsa na ƙarni na 1, aka yi ta wa'azi da shi, da aka wallafa shi a 2018 ashe na ƙarshen ƙarni na 2 ne ko farkon na 3. Kunya ta ishi mutane da yawa

Gwani Habu: Assalamu alaikum. Ina ta karantawa ban sa baki ba. Ni ba ɗan boko ba ne sosai amma aikin kwafi na san shi, na rubuta Alƙur'ani da hannuna, na san yadda ido ke yi in layi biyu suka ƙare da kalma iri ɗaya sai ya yi tsalle ya bar na tsakiya, kuma na san yadda hadda ke jan hannu in aya ta yi kama da wata, irin abin da Malam ya faɗa na Matiyu da Markus. Mu abin da ke kama kuskuren shi ne akwai mahaddata, kana kawo satunka za a baje a bi shi wasali-wasali. Tambayata ga Malam Ishaku maƙwabcina, shi wannan kundin Sina'in wa ya rubuta shi, daga wa ya karɓa, shi kuma daga wa? A ilimin hadisi in ba a san mai riwaya ba riwayar ta yi rauni

Malam Ishaku: Allah gafarta Malam wannan ita ce tambayar da ta fi duk na baya nauyi. Sunansu ba a rubuce yake ba, daga salon hannu aka gane mutum uku ne ko huɗu suka yi aikin. Isnadi irin naku babu shi a wurinmu, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Hanyarmu irin ta alƙali ce da ke da shaidu da yawa da ba su san juna ba. Tun ƙarni na 2 da na 3 aka fassara littafin zuwa Latinanci a arewacin Afirka, zuwa Suriyanci, zuwa Ƙibɗanci a Masar, daga baya Habasha suka yi nasu da harshen Gi'iz, Bisharar Garima tana can har yau. Ga kuma iyayen ikkilisiya da suka yi ta ɗauko ayoyi a rubuce-rubucensu. Babu wani sarki ko bishop ɗaya da duk waɗannan ke hannunsa, balle ya tara su ya gyara. In wani a Iskandariya ya ƙara kalma, na Kartaj da na Siriya za su tona shi. Shi ya sa muka san inda aka yi ƙarin. Kuma su ma suna faɗa da juna, a gefen kundin Batikan wajen Ibraniyawa 1:3 wani ya rubuta wa wanda ya gyara kafinsa, wawa mugu, ka bar tsohon yadda yake kar ka canza

Gwani Habu: 😄 Wannan ko a tsangaya za a yi shi. Na fahimta. Amma alƙalin nan naka zai gaya maka abin da shaidun suka haɗu a kai ne, ba zai iya wuce shaidan da ya fi tsufa ba

Malam Ishaku: Haka ne. Tsakanin alƙalamin Markus da takarda mafi tsufa akwai tazara, ana cike ta da istidlali ne ba da gani ba

Sadiq: Yauwa. To a zo kan manyan, Malam kar a tsaya kan harafi. 1 Yahaya 5:7, Uba da Kalma da Ruhu Mai Tsarki ukun nan ɗaya ne. Wannan ai ba kuskuren ido ba ne, aƙida ce aka cusa

Malam Ishaku: Ba ta cikin asali, ban taɓa kare ta ba ko a aji. A Latinanci ta fara ɓullowa wajen ƙarni na 4, ga alama sharhi ne na gefe da ya gangaro cikin rubutu. Irasmus bai sa ta a bugunsa na 1516 da na 1519 ba don bai gan ta a Helenanci ba, aka yi masa caa, sai aka fito da wani littafin hannu da aka rubuta a zamaninsa, yana Dablin yanzu, ya sa ta a bugu na uku a 1522, daga nan ta bi ta shiga King James. Amma Sadiq ka lura da abu guda, lokacin rigimar Ariyus, malamin da ya ce Yesu halitta ne ba daidai yake da Uba ba, a ƙarni na 4 da aka yi ta dambe kan Triniti, malaman Helenanci ba su kawo ta hujja ba don ba su san ta ba. Aƙidar ko ka yarda da ita ko kar ka yarda, ba a kan wannan ayar aka gina ta ba. Kuma waɗanda suka fitar da ita Kiristoci ne masu imani da Triniti ɗin

Malam Ishaku: Tunda an zo wajen bari in ƙarasa da kaina kafin a tono min. Dogayen wurare biyu ne. Markus 16:9 zuwa 20, inda ake maganar ɗaukar macizai da shan dafi, babu a Sina'i babu a Batikan, malaman ikkilisiyar dā Yusibiyus da Jerom sun ce ingantattun kwafe a aya 8 suke tsayawa, amma tsohuwa ce don Ireniyus ya kawo aya 19. Na biyu Yahaya 7:53 zuwa 8:11, matar da aka kama da zina

Maman Rahila: A'a Malam. A'a. Wanda ba shi da zunubi ya fara jifanta? Wannan ma? Da ita na yi wa'azi a zumuntar mata watan jiya

Malam Ishaku: Mama ni ma ranar da na fara sani ban ci tuwon dare ba. Babu ita a P66 da P75 da Sina'i da Batikan, littafin Helenanci na farko da ke da ita kundin Beza ne da ke Kambirij, na wajen ƙarni na 5, kuma wasu littattafan a ƙarshen Luka 21 suka ajiye ta kamar baƙuwar da ake nema wa masauki. Malamai da yawa na ganin tsohon labari ne da ke yawo a bakin masu bi, amma ba Yahaya ya rubuta ba. Shi ya sa ba a cire ta ba, ana sa ta tsakanin alamar baka biyu a yi bayani

Maman Rahila: Ni dai Ubangijina na gane shi a labarin nan. Ku yi ta bakanku

Nura Waya: Duk kun bar gaskiyar magana. A taron Nikiya na shekara ta 325 sarkin Rum Kustantin ya ƙona Linjilar gaskiya ya bar guda huɗu, ta gaskiyar ita ce Linjilar Barnaba, akwai bidiyon a TikTok

Sadiq: Nura dan Allah kar ka ɓata min hujja 🤦 ni na karanta Barnaba ɗin. Littafin cewa yake Isa ba shi ne Almasihu ba, Alƙur'ani kuma Almasihu Isa ɗan Maryam ya kira shi, to da wanne za ka riƙe? Har cewa ya yi an shiga jirgin ruwa an sauka a Nazarat, garin da ke kan tudu. Kwafinsa na Italiyanci da ke Biyana na ƙarshen ƙarni na 16 ne

Talatu: Kuma Nikiya batun Ariyus da ranar Ista aka tattauna ba zaɓen littattafai ba. P45 mai bishara huɗu da Ayyukan Manzanni a haɗe ya riga Kustantin. Wanda ya sa aka ƙona littattafai sarki Diyokilishiyan ne a 303, shi kuma na Kiristocin ya ƙona

Gwani Habu: Nura ɗana malamanmu ma ba baki ɗaya suka yi kan tahrifi ba. Ibn Hazm na Andalus ya tafi a kan lafazin ne aka canza, wasu suka ce ma'ana ce aka karkatar, Biƙa'i har ɗauko nassin Attaura da Linjila ya yi a tafsirinsa. Hadisi kuma ya ce kar ku gaskata ma'abota littafi kar ku ƙaryata su. A bar TikTok

Bro Danjuma: Haleluya. Yanzu na shigo. Ku je ku duba naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri, an samu Ishaya da ya girme na hannunmu da shekara dubu kuma ko ɗigo ɗaya bai canza ba. Magana ta ƙare

Malam Ishaku: Danjuma ba ta ƙare ba, irin wannan shafa wa labari shuni shi ke sa yaranmu su fāɗi ranar da suka haɗu da irin su Sadiq. Rabin maganarka daidai ne. Makiyaya suka fara gano su a kogwannin Ƙumran da ke gefen Tekun Gishiri wajen 1947, kogo 11 zuwa 1956, an samu wani abu daga kowane littafin Tsohon Alkawari ban da Esta. Kafin nan cikakken Ibrananci mafi tsufa shi ne kundin Leningirad da aka rubuta a Alƙahira wajen 1008, wanda har yau a kansa ake buga Tsohon Alkawari na Ibrananci da malamai ke aiki da shi. Babban naɗin Ishaya na wajen shekara 125 kafin Almasihu ne, tsawonsa ya fi mita 7, sura 66 duk suna nan, kuma gaskiya abin mamaki ne yadda ya yi daidai. Amma akwai bambanci sama da 2,600, galibi na rubutun kalma, kaɗan na ma'ana, kamar Ishaya 53:11 inda yake da kalmar haske da ta ɓace a na baya. Irmiya kuma wani zance ne, na tsohuwar fassarar Helenanci ya gaza na Ibrananci da kusan kashi ɗaya cikin takwas, jerin surorin ma daban, an daɗe ana zargin masu fassara da rage aiki sai ga guntun Ibrananci a Ƙumran mai bin gajeren. Wato tun dā can Irmiya iri biyu ke yawo

Malam Ishaku: Ga wanda yaran Bitrus za su so. Goliyat, Jaluta a wurin su Gwani, kamu shida da taƙi muka sani. Naɗin Sama'ila na Ƙumran da fassarar Helenanci da Yosifus, Bayahude marubucin tarihi na dā, duk kamu huɗu da taƙi suka ce, wato wajen mita biyu. Ƙato ne har yanzu amma irin wanda za ka iya gani a filin dambe

Bro Danjuma: Baba kana ba abokan hamayya makami fa

Malam Ishaku: Makamin yana ƙasan shafin Baibul ɗinka tun ranar da ka saya, ba ka duba ba ne. Mu ma an sha mu, a 2020 wani gidan tarihin Baibul a Washinton ya amsa cewa guntayen Ƙumran 16 da yake nunawa duk jabu ne. Gwani ga wanda zai yi maka daɗi, malaman Yahudu na Tibariya da ake kira Masoret su suka sa wa Ibrananci wasali, kuma a gefen shafi suna rubuta kalma kaza sau nawa ta zo a littafin gaba ɗaya, har harafin da al'adarsu ta ɗauka tsakiyar Attaura an ƙara masa girma a Littafin Firistoci 11:42

Gwani Habu: Ikon Allah, ai wannan harji ne! Abin da muke sawa a gefen Alƙur'anin hannu kenan

Malam Ishaku: Shi na tuna. Kuma ka ga amanarsu, 1 Sama'ila 13:1 lambar shekarun Saul ta faɗi tun kafin zamaninsu, rubutun ya zama kamar ana cewa yana ɗan shekara ɗaya ya ci sarauta, suna gani sarai ba daidai ba ne amma suka kwafa haka suka ƙi cikewa da ka

Sadiq: Wanda ke nuna an yi amana daga baya kuma an yi asara tun farko. Duka biyun

Malam Ishaku: Duka biyun, ban ja ba

Maman Rahila: To na Hausa na babana fa, na 1932 ɗin da Likita Mila na Wusasa ya yi aikinsa, shi ma za ku ce da gyara?

Malam Ishaku: Mama ki riƙe shi da kyau ki sa masa leda, gado ne. Shi ma ai an sake wata fassarar a 1979. Masu fassara na yanzu bugun Helenanci na Nestle-Aland da ɗan'uwansa na ƙungiyoyin Baibul suke buɗewa, na 28 ya fito a 2012, ƙasan kowane shafi cike yake da ƙananan alamu na wane kundi ya ce me. Irasmus kuwa da ya zo ƙarshen Wahayi littafin hannu ɗaya gare shi, shafin ƙarshe ya ɓace, ayoyi shida na ƙarshe daga Latinanci ya mayar da su Helenanci da kansa, shi ya sa King James ke cewa littafin rai a 22:19 inda littattafan Helenanci ke cewa itacen rai

Bitrus: Baba to Laraba fa

Malam Ishaku: Ka ce wa yarinyar ta zo da King James ɗinta, kai ka zo da wayarka, ku buɗe Matiyu 17 da Markus 9 gefe da gefe su gani da idonsu. In sun tambayi matar Yahaya 8 kar ka ɓoye, ka kira ni a waya in yi musu bayani

Sadiq: Ni tambayata ta shekara ɗarin farko tana nan fa ban janye ba

Talatu: An rubuta maka ita Yaya Sadiq, ni ma ita zan kai wa malaminmu

Gwani Habu: Yarona ya buɗe min hoton kundin Sina'in yanzu. Layi huɗu-huɗu a tsaye a shafukan da na gani, manyan baƙaƙe, ba tazara tsakanin kalma da kalma, ko ya suke karantawa oho. Hannun mutumin yana da kyau ba laifi, tawadar ma ta riƙe. Amma gyare-gyaren da ke gefe da tsakanin layi sun yi yawa Malam, da almajirina ne ya kawo min wannan da na ce ya je ya wanke allon ya sake

Malam Ishaku: Da ya wanke kuwa Gwani da yau ba mu da abin dubawa 😄

Ɗanladi Admin: Sha biyu ta wuce jama'a, cajina kashi 4. Nura na goge bidiyon da ka turo, kar ka sake